Yaran da muka yi wa rajista sun sake barin makaranta, ina mafita?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni shugabar wata makarantar firamare ce ta gwamnati a gefen gari. A farkon zangon nan, da taimakon mai unguwa da limamin masallacinmu, mun yi wa yara kusan 60 rajista waɗanda ba sa zuwa makaranta: almajirai, 'yan mata masu talla, da 'ya'yan mutanen da suka gudo daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga. Ba a yi wata biyu ba fiye da rabinsu suka daina zuwa. Waɗanda suka rage kuma sai su koma ƙarshen aji su yi tsit, wasu kuwa kullum cikin faɗa. Malamaina sun ce yaran ba sa jin magana, za su ɓata mana sauran. Me za mu yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya saka miki da alheri, ya saka wa mai unguwa da liman da suka tsaya miki. Idan na fahimce ki, abu uku kike tambaya a dunƙule: me ya mayar da waɗanda suka tafi, yaya za a riƙe waɗanda suka rage, sannan me za ki gaya wa malaman da suka fara ganin yaran nan kaya ne aka ɗora musu. Na koyar a firamare shekaru masu yawa, daga baya na koma horar da malamai da kula da cibiyoyin karatun yaran da makaranta ta wuce su, don haka abin da kika faɗa ba baƙo ba ne a wurina. Ra'ayina shi ne rajista farkon aiki ce kawai. Yaro yakan zauna ne idan ya ga akwai wani babba a makarantar da ya san sunansa kuma zai neme shi ranar da bai zo ba, sannan an kawar da ainihin abin da ya kore shi tun farko.

Abin da ya same ki ya sami gwamnatoci ma. Tun 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas. A 2012 shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi da ke Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150 a faɗin ƙasa, amma da yawansu ba su daɗe ba suka zama kufai ko aka juya su zuwa wani abu dabam. A 2020, lokacin korona, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kafin a je ko'ina da yawa sun dawo. A 2023 aka kafa hukuma ta ƙasa domin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, adadin da UNICEF ta daɗe tana ambata na yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta bai ragu ba, har UNESCO ta kawo kusan miliyan 20 a 2022 da ta haɗa da 'yan sakandare. An iya gini, an iya rubuta suna a littafi. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me yaron ke tararwa daga ƙarfe takwas na safe zuwa tashi.

Me ya mayar da su?

Babban abin da na fi gani shi ne kunya. Yaro ɗan shekara 13, wanda a waje yana ɗaukar kaya a kasuwa yana ciyar da kansa, an zaunar da shi a aji ɗaya tare da 'yan shekara shida, gwiwarsa ba ta ma shiga ƙarƙashin benci. Ko kuwa an duba tsayinsa an kai shi aji biyar, malami ya miƙa masa alli ya ce ya fito ya rubuta, alhali bai taɓa haɗa harafi biyu na boko ba. Aji ya kwashe da dariya. Wannan yaron ba zai ce miki ya ji kunya ba. Zai mari wanda ya fi kusa da shi, ko gobe a neme shi a rasa. Mafi yawan faɗan da malamanki ke kuka da shi, idan kika bi diddigi, za ki tarar ya tashi ne jim kaɗan bayan an tozarta wani a gaban jama'a.

Sai bulalar makara. Almajiri ya tashi tun asuba ya yi karatun allo, ya ɗauki robarsa ya zaga neman abin karin kumallo, ya iso ƙarfe tara saura. Yarinya sai ta sayar da koko da ƙosan uwarta kafin a sallame ta. Suna isowa ƙofa monita na jiransu, a sa su tsallen kwaɗo ko kamun kunne. Ki duba lissafin daga wajensu: wanda bai zo ba ba a taɓa shi ba, wanda ya yi ƙoƙari ya zo shi aka daka. Yaro ba wawa ba ne, ya san wanne ya fi sauƙi.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da mu malamai ba ma ɗauka a bakin komai: na ƙungiyar iyaye da malamai, na alli, na tsintsiya, na takardar jarrabawa, ga yunifom da takalmi. Wanda ya baro gonarsa da rumbunsa a ƙauye yana raɓe a kangon wani, naira 500 abincin dare ce a wurinsa. Ga harshe: yaron da ko a gida bai ji Turanci ba, ana karanta masa bayani da Turanci yana kwafa daga allo ba tare da ya san me yake zanawa ba. Ga laƙabi: ɗan bara, 'yan gudun hijira, baƙauye, daƙiƙi. Wani lokaci daga bakin malami ma suke fara fitowa, yara su ɗauka.

'Ya'yan waɗanda suka gudo suna ɗauke da wani nauyi na dabam. Na san wata yarinya a wata cibiya da ba ta yarda ta zauna ko'ina sai bakin ƙofa. Idan babura biyu ko uku suka wuce tare, sai ta miƙe tsaye, idonta a waje, ba ta ƙara jin komai har a tashi. Malamarta ta ɗauka rashin kunya ne, tana ta mayar da ita tsakiyar aji. Da aka zauna da kakarta aka ji yadda aka shigo garinsu a kan babura da dare, sai aka bar mata bakin ƙofarta. Ita da kanta, bayan wasu makonni, ta fara matsowa kusa da wata ƙawa da ta yi. Kuma kada mu manta iyayen nan sun ji labarin sace ɗalibai a Kankara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024. Tura yaro makaranta a wurinsu ba ƙaramar shahada ba ce.

Ajin tarba

Shawarata ta farko, kada ki watsa waɗanda suka rage cikin azuzuwa tun safe har tashi. Ki ware musu wuri ɗaya, ko da inuwar bishiya ce da tabarma, inda za su fara yini na awa ɗaya ko biyu tare da manya biyu waɗanda ba a canza su. Wannan dabara tana da asali. A 1969 wata masaniyar halayyar yara mai suna Marjorie Boxall ta fara irin waɗannan ƙananan azuzuwa a unguwar Hackney da ke Landan, domin yaran talakawa da malamai suka gaji da su. Yara goma zuwa goma sha biyu ne a aji, da manya biyu. Suna karin kumallo tare, ranar tana tafiya a tsari ɗaya da yaro ya san me zai biyo bayan me, kuma sunan yaron yana nan a ajinsa na asali, yana komawa a hankali cikin zango biyu zuwa huɗu. Har yau makarantu da yawa a Birtaniya suna aiki da ita. Hujjarta mai sauƙi ce: yaron da bai sami natsuwa da amincewa da babba ba, karatu ba ya shigarsa, kuma halinsa mai ban haushi sau da yawa shi ne kaɗai hanyar da yake da ita ta faɗin damuwarsa.

Mu ba mu da kujerun laushi da na'urar gasa burodi irin tasu, kuma ba su ne ruhin abin ba. Bahaushe ya riga ya ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Yadda muke yi shi ne, malama ta tsaya a bakin wurin ta gaida kowane yaro da sunansa na yanka, ba "kai almajiri" ba. A wanke hannu da fuska. Idan akwai abin ci, ko da kunu ne ko gyaɗa da dabino da kwamitin makaranta ya tara, a zauna a ci tare, malamai ma su sa hannu, kowace rana wani yaro dabam ne zai raba. A yi 'yar hira, a yi waƙa ko tatsuniya, sannan karatu. Wanda ya makara a ce masa sannu da zuwa, ya zauna, maganar makara sai an keɓe. Kuma wajen zaɓen malami kada ki duba kwali. Ki duba wanda yara ke kewayewa lokacin tara ba tare da ya kira su ba. Babba na biyun yana iya zama wata dattijuwa daga unguwa ko wani matashi mai NCE da ke zaune ba aiki.

Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: kada ajin nan ya zama kurkuku. Idan aka fara tura duk yaron da ya ba malami haushi can, ko aka bar yara shekara biyu a ciki, to an ƙirƙiro makaranta ta biyu ta marasa galihu a cikin makarantarki. Tun daga makon farko su riƙa fita ƙwallo da taron safe da salla tare da kowa.

A fara daga inda yaro yake

Kafin ki yanke wa kowa aji, ki zauna da shi shi kaɗai minti biyar da takarda ɗaya. A ga ko yana gane haruffa, ko yana karanta kalma, ko gajeren sakin layi, ko cikakken labari, duk da Hausa. Haka a lissafi. Sai a haɗa yara bisa matakin da suka kai, ba bisa shekaru ba, a ba su awa guda kullum. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda ake kira TaRL, kuma an gwada ta a Borno da Kano. Hausa tana da sauƙi a nan domin yadda ake faɗa haka ake rubutawa: yaro ya kama ba, bi, bu, ya kama ka, ki, ku, sai ka ga ya haɗa "baki" da kansa. Akwai littattafan Hausa na koyon karatu da aka riga aka buga, irin na shirin RANA da aka yi a Katsina da Zamfara da na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Ki tambayi sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), sau da yawa suna jibge a sito. Waɗanda suka girma sosai kuwa, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa (NERDC) tana da manhajar gaggawa da ake kira ABEP domin 'yan shekara 10 zuwa 18, wadda ta dunƙule karatun shekara tara a matakai uku. Maƙwabtanmu a Nijar da Mali da Burkina Faso suna da irinta ta wata tara, wadda ake farawa da harshen gida kafin a shiga Faransanci, daga nan yaro ya shiga firamare daidai sa'anninsa.

Inda na fi so ki tsaya shi ne wannan: yaran nan ba da kai wofi suka zo ba. Almajirin da malami ya kira daƙiƙi wataƙila ya haddace izu biyar, yana wanke allonsa ya rubuta da kansa. Mun taɓa samun wani da ya yi makonni bai ce uffan ba. Wata rana malamin ya ce masa, "Ni ban iya rubuta sunana da ajami ba, zo ka nuna mini." Ya yi jim, ya taso, ya karɓi alli, ya rubuta daga dama zuwa hagu da hannu mai kyau, har da wasula. Malamin ya rubuta na boko a ƙasa, suka riƙa daidaita harafi da harafi. Kafin a tashi yara sun yi layi kowa yana so a rubuta masa nasa. Ita kuma mai tallar awara, ki ce mata mutum ya sayi ta naira 350 ya ba ta 1,000, kafin ki rufe baki ta ce canjinsa 650. A rubuta mata wannan lissafin a allo da alamar ɗebewa, sai ta ce ba ta iya ba. Aikin malami shi ne ya nuna mata abin da take yi kullum a bakin tasha ne aka rubuta.

Maganar adalci

Malamanki za su ce, kuma suna da 'yar hujja, me ya sa za a yi wa waɗannan sassauci a makara da yunifom alhali sauran ana hukunta su? Amsata ita ce, doka ɗaya ga yaron da uwarsa ta dafa masa shayi ta rako shi da yaron da ya kwana a zaure ba adalci ba ne, ko da ta yi kama da shi. Mafi kyau ma a sassauta wa kowa: a daina korar yaro saboda yunifom ko kuɗi, a ajiye bulalar ƙofa gaba ɗaya. Za ki ga cikin tsofaffin ɗalibanki ma akwai waɗanda suka daɗe suna shan wannan wahalar a ɓoye.

Adalci a makaranta a ƙananan abubuwa yake bayyana. Wa ake aika ɗebo ruwa da share ofis lokacin da ake darasi? Wa ake naɗawa monita? Idan biro ya ɓace, aljihun wa ake fara lalubawa? Ki zauna a bayan aji kwana ɗaya ki ƙirga sau nawa malami ya kira yaran benci na ƙarshe. Yara suna lura da duk wannan fiye da yadda muke zato.

Idan suna ganin ba zai yiwu ba, ki ba su labarin Barista Zannah Mustapha na Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da marayu 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe, da 'ya'yan jami'an tsaro, da 'ya'yan mayaƙan su kansu, ya zaunar da su aji ɗaya, da abinci da yunifom da magani kyauta, ya kuma jawo iyayensu mata zawarawa cikin harkar makarantar. Amincin da ya samu daga kowane ɓangare shi ya sa ya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017, kuma a 2017 aka ba shi lambar yabo ta Nansen ta hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan waɗannan yaran sun zauna benci ɗaya, ɗan tsangaya da ɗan ma'aikaci ba za su gagara ba.

Ajiye bulala ba yana nufin barin yaro ya yi abin da ya ga dama ba. Yaran da rayuwarsu ta hargitse su suka fi bukatar iyaka mai tsayuwa. A yi dokoki kaɗan, huɗu ko biyar, tare da su. Wanda ya yi duka a raba, a bar shi ya huce, sannan a zauna da su biyun a ji me ya faru, wa aka cuta, yaya za a gyara. Wanda ya yaga littafi ya liƙe shi. Ba a gaban aji ba, ba da zagin iyaye ba. Malaman da ke cewa tarbiyya ba ta yiwuwa sai da duka, nakan tuna musu Anas bin Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Amma ki tausaya wa malaman su ma. Mutum ɗaya da yara fiye da 100, albashi ba ya kai rabin wata, ba abin mamaki ba ne hannunsa ya tafi ga bulala. Idan kika ba shi hanyar da ta fi ta aiki, kika tsaya masa a ranar da abu ya ƙi, yakan sauya.

Alaramma da iyaye mata

Kada ki aika wa alaramma takardar kira. Ki sa liman ko mai unguwa ya raka wani malaminki namiji, ku je har tsangayarsa, ku gaishe shi yadda ya dace, ku tambaye shi wane lokaci ne ba zai taɓa karatunsa ba. Yawanci tsakanin hantsi da azahar akwai sarari, ga Alhamis da Juma'a da ake hutun allo. Ku fito masa a fili cewa ba ku zo raba yaro da Alƙur'ani ba. Alaramman da aka girmama yakan zama shi ne mai tura yaran da kansa, wanda aka raina kuwa da kalma ɗaya zai kwashe su.

Uwar mai talla ma ba ƙin karatu take yi ba. Farantin nan shi ne cefane, shi ne kuma ake tara kayan ɗakin yarinyar da shi. Idan kika ce ta daina, kin rasa ta. Abin da na ga yana aiki shi ne sulhu: talla bayan an tashi, ko a yarda ta iso a makare ranar kasuwa, ko a bar uwar ta kawo sana'arta bakin makaranta lokacin tara. Ƙungiyar iyaye mata ta makaranta ita ta fi kowa iya wannan magana, domin su ke shiga har ɗaka.

Waɗanda suka riga suka tafi, ki ɗauki littafin rajista ki raba sunayensu tsakanin malamai da 'yan kwamiti, kowa huɗu ko biyar. A je ba da faɗa ba, a ce an ga bai zo ba ne aka zo dubiya, a tambayi yaron shi kansa me ya faru ranar ƙarshe da ya zo. Daga yanzu kuma duk wanda ya yi kwana uku ba a gan shi ba, a bi sawu kafin mako ya zagayo, domin bayan wata guda ya riga ya kama wata rayuwa.

Inda ƙarfin makaranta ya tsaya

Ba zan ɓoye miki ba, ba duka za su dawo ba. Wasu iyayensu sun ƙara gaba, wasu an yi musu aure, wasu almajiran sun bi malaminsu ci-rani. Yunwa ta fi ƙarfin makaranta ɗaya, kuma shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ba abin da za ki gina tsarinki a kansa ba ne, yau akwai gobe babu. Yaron da ke firgita da dare, ko ya daina magana gaba ɗaya, ko ya faɗa shaƙar sholisho da shan ƙwaya, yana bukatar ma'aikacin lafiya, ba malamin aji kaɗai ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, amma a fara da asibitin da ke kusa. Kada malami ya matsa wa yaro sai ya ba da labarin abin da ya gani, idan ya kawo da kansa a saurara. Idan kuwa kika ga alamar ana cin zarafin yaro, wannan ba maganar a rufe a ofis ba ce, a kai ga jami'an walwalar jama'a. Sannan duk abin da na faɗa daga makarantun gari da na gefen gari na samo shi. 'Ya'yan makiyaya masu tashi da dabbobi tsarinsu dabam ne, suna da hukumarsu tun 1989.

Wajen auna ko abin yana tafiya, ki bar duba yawan sunaye a rajista. Ki ƙirga yaran da suka zo ranar kasuwar garinku da ranar Litinin bayan hutu, sannan duk bayan mako shida ki sake zama da kowane yaro da takardar nan ta minti biyar, ki rubuta wanda ya tashi daga harafi ya koma kalma. Wannan takardar ita za ki ɗauka ki kai wa sakataren ilimi ranar da za ki nemi ƙarin malami. Allah ya taimake ki, Malama.